Geron Maijidda a Gidan Kimiyya

Irin da aka raba mana a Isa bana, Allah Ya saka wa waɗanda suka kawo shi, amma ba iri ne na mutanen da ke cikin gudu ba. Gero ne dogo mai jan lokaci, wanda in ya tashi yakan rufe mutum har da wanda ke bisa babur. Mu mutanen Turba da ke zube a azuzuwan firamare mun karɓa, mun yi godiya, mata suka surfa shi suka dama kunu. Wa zai shuka wa kansa labulen da ɓarayin daji za su laɓe a ciki? Bara haka aka yi mana. Gero ya rufe hanya, ba wanda ya ga tahowarsu sai da suka iso bakin masallaci, da ya nuna kuma su suka riga mu girbi. Abin da suka kasa ɗauka suka cinna masa wuta a cikin rumbuna.

Tsoho Na'Allah shi ko hannu bai miƙa ba ranar rabon. Yana zaune a inuwar ajin da aka ba iyalinsa, ya dubi ƙwayar da ke tafin hannun maƙwabcinsa Wakili, ya kau da kai kamar an nuna masa tsakuwa.

"Wanga ba namu ba na," ya ce. "Maijidda ɗai ka hisshe mu bana."

Duk ɗan Turba ya san Maijidda. Sunan mahaifiyar Na'Allah ne, kuma sunan geronta. Ita ce tun tana da ƙuruciya take shiga gona kafin girbi, tana tsinto zangarniyar da ta riga saura nuna a kan gajeren kara, ta rataye su daban a hayaƙin madafa, shekara bayan shekara, har abin ya zama iri mai zaman kansa. Tsayinsa bai wuce ƙirjin namiji ba, wata biyu da 'yan kwanaki kuma ya isa yanka. A da dariya ake yi masa, ana cewa geron ragwaye ne, ba kara ba auki, ko darni mutum ba ya samu a jikinsa. Yanzu da duniya ta juya mana baya, shi kowa ke nema ido rufe. Gero ne da za ka tsaya a cikinsa ka hango mai zuwa tun daga nesa, ka yanke abinka ka kwashe kafin mutanen daji su fara zagayen kaka. Sai dai babu shi. Na rumbuna ya ƙone. An tambaya a Burkusuma, an aika har kasuwannin cikin Nijar, duk wanda aka san an taɓa ba shi irin, ko dai an ƙona masa rumbu kamar mu, ko yunwa ta sa ya daka ya ci.

Ana cikin wannan hali tsohon ya tuna da rumbun birni.

Babban ɗansa Ubaidullahi, wanda ake kira Malam Ubaidu, mutum ne mai tsince-tsince tun yana yaro. Da ya zama malamin kimiyya a wata sakandare a Sabon Birni, sai ya roƙi makullin wani sito da ba a amfani da shi, ya shiga tara tarkace. Duwatsu masu siffar katantanwa da maginan rijiya ke tonowa, waɗanda ya rantse wai shaida ce ƙasarmu ta taɓa zama ƙasan teku. Ƙashin raƙumi guda da ya ɗaure da waya ya tsayar. Ƙwari a kwalabe, rediyo da aka farke wa ciki, da wani tsohon keke da in ka murza shi, ƙwan fitila ya kama. Mutanen gari suka ce karatu ya taɓa ɗan Na'Allah, Allah Ya ba shi lafiya. Kwatsam wasu manya daga Sakkwato suka zo duba makarantu, suka leƙa sitonsa, abin ya ba su sha'awa. Ba a daɗe ba aka turo babbar mota ta kwashe tarkacen har da mai su. Aka ba shi ɗaki biyu a wani tsohon ofis, ɗaki biyu suka zama zaure, zaure ya zama bene, har muna jin sunan wurin a rediyo: Gidan Kimiyya. Waɗanda suka yi masa addu'ar samun lafiya su suka fara cewa ai tun yana goye suka san yaron zai yi nisa.

A wata shekara ta yalwa, kafin daji ya lalace, ya dawo Turba ya ce magini yake so da dammunan gero, zai gina rumbu na gaske a cikin benen don yaran birni su ga inda tuwonsu ke fitowa. Na'Allah ya zaɓo dammunan Maijidda mafi kyau, ya ɗora su a mota da hannunsa. Ranar an sha dariya a garin, ana cewa ga gero zai tafi makaranta.

Waya a Isa ba ta shiga sai an hau tudun da ke bayan tasha, nan ma sai in ta ga dama. Wakili ya riƙo hannun tsohon suka hau, ya kira masa ɗansa. Na'Allah bai iya magana a waya a hankali ba, gani yake nisan gari sai da ƙarfin murya.

"Ubaidu! Dammunan nan da na ba ka, ina son su. Na san sun kwana biyu, amma ko ɗaya cikin goma tat tsiro, ta ishe mu iri. Sadiƙa na nan tahe, ka ba ta. Ka jiya?"

Can sai muryar Malam Ubaidu ta fito ƙasa-ƙasa.

"To, Baba."

Haka muka taso. Uba ya yi magana, ɗa ya ce to, ko da gemunsa ya yi furfura.

Sadiƙa ƙanwar Ubaidu ce. Mijinta yana cikin waɗanda aka kashe a bakin masallaci bara, ta dawo hannun mahaifinta da 'ya'ya huɗu. Mace ce mai kaifin baki, ba ta barin magana ta kwana a cikinta, amma tun rasuwar nan bakin ya yi sanyi. Ranar da za ta tafi, mata suka yi ta kawo mata abin zuba iri: wannan tsumma, waccan gwangwani, wata ma safar yaro ta ɗaure wa baki ta ce ko cikinta aka sa mata ta gode. Sadiƙa ta ce su riƙe abinsu, da buhu za ta dawo. Gabas ta riga ta fara haɗa hadari kullum da la'asar, kowa na duban sama.

Babur ya kai ta Sabon Birni, a nan motoci ke yin layi su jira rakiyar sojoji, wadda ba ta tashi sai sau ɗaya a yini. Suna jira ta hango makarantar da yayanta ya koyar. 'Yan gudun hijira ne a ciki su ma. Ƙofar tsohon siton a cire take, wata mata na hura wuta a bakinsa. Da ayari ya tashi ba wanda ya yi hira a motar. Ƙauyuka suka riƙa wucewa ba hayaƙi ba kukan jaki, gonaki duk ba a yi musu sharar daji ba. Sai da suka wuce Goronyo ne direba ya kunna rediyo, wani dattijo a baya ya ce alhamdu lillahi da ƙarfi, kowa ya amsa.

Ta san an ce Gidan Kimiyya babba ne, amma ba ta zaci haka ba. Bene hawa uku, gabansa duk gilashi, a gefe kuma ana ta aikin wani sabon ɓangare, injin kwaɓa siminti na ruri. Motocin makarantu sun cika fili, yara cikin fararen safa suna layi. Ta dubi silifas ɗinta da ƙurar da ke ƙafarta, ta gyara lulluɓi, ta gaya wa mai gadi wanda take nema. Sai da ya yi tunani kafin ya gane.

"Au, Baba Malam. Yana nan ƙarƙashin matakala."

Nan ofishinsa yake, wani ɗan lungu da tebur ɗaya. Da gidan ya girma an kawo masu manyan takardu sun karɓi ragama, shi kuma aka ba shi sunan mai ba da shawara, aka daina tambayarsa komai. Ya tsufa fiye da yadda ta bar shi. Ya miƙe da sauri, suka gaisa, ya yi mata gaisuwar rashi karo na biyu, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya aika a sayo mata abinci.

"Yaya, ci ba shi yak kawo ni ba," ta ce. "Ina rumbun?"

"Shina sama. Za mu kai gare shi. Tunda kin zo, ki bari in gwada miki gidan tukuna."

Ya bi da ita ta doguwar hanya. Ya nuna mata ƙashin raƙuminsa, wanda yanzu aka matsar bayan ƙofa saboda an kawo na wata dabbar teku mai tsawon mota. Ya nuna mata hoton siton Sabon Birni a jikin bango, shi a tsaye gabansa da baƙin gashi, an rubuta a ƙasa cewa daga nan aka fara. Ya ba ta labarin shekarar da ruwa ya zubo ta rufi ya jiƙa musu kwalabe, da shekarar da wasu baƙi daga ƙasar waje suka ɗauki nauyin hawa na biyu, da yadda aka sa injin sanyaya ɗaki, da ranar da aka buɗe ɗakin taurari. Ya shigar da ita ɗakin. Aka kashe fitila da rana tsaka, sama ta bayyana a rufi da taurarinta, yara suka saki ihu. Wata murya ta riƙa bayanin yadda manoma ke gane ƙaratowar damina da fitowar taurari. Sadiƙa ta ji haushi ya kama ta. Ita damina a bayanta ta baro ta, tana ƙoƙarin faɗowa a kan mutanen da ba su da ƙwaya ɗaya ta shukawa.

"Yaya Ubaidu," ta ce da suka fito, "kai kana ja na awa akuyar da za a kai kasuwa. Mi ag ga ranka?"

Ya wuce gaba, suka hau hawa na uku.

Tun daga bakin zauren ta hango shi. Rumbu ne irin namu sak, na laka, a kan duwatsu, da hular ciyawa, an yanke gefensa ɗaya don a ga ciki, an kewaye shi da gilashi tun daga ƙasa har rufi. Fitilu na haska shi. Ciki kuwa dammuna ne jere har baki, gajerun zangarniyu masu kauri, irin da ko cikin dubu ta gan su za ta gane. Rabonta da ganin cikakken rumbu tun kafin wutar bara. Ta dafa gilashin da hannu biyu, hawaye suka zubo mata, ba ta damu da yaran da ke kallonta ba.

Daidai nan wayarta ta yi ƙara a bakin zane. Lambar Wakili ce, amma muryar tsohon ce ta fito, da ƙarfinta, har Ubaidu na ji daga inda yake tsaye.

"Sadiƙa! An yi ruwa! Tun hantsi aka zuba shi, ƙasa ta sha har ta ƙoshi. Kin isa? Kin gane shi?"

"Na gane shi, Baba! Ga ni gabanai. Rumbu cike, awa jiya anka ɗaure dammunan. Ko ƙwaro bai taɓa ba."

"Alhamdu lillahi. To ki kwano da shiri, gobe..."

Malam Ubaidu ya miƙo hannu zai karɓi wayar. Kafin ya kai, layi ya yanke.

"Buɗe mani," ta ce tana share ido da gefen mayafi.

Ya daɗe yana laluben makulli a aljihu. Ya buɗe wata 'yar ƙofa a bayan gilashin, ya ja gefe ya sunkuyar da kai. Ta shiga. Abin da ya fara ɗaure mata kai shi ne wari. Rumbu yana da ƙanshinsa, na ƙaiƙayi da ƙura da rana, wanda ke sa mutum atishawa. Nan ba ta ji komai ba sai wani wari kamar na sabon bokiti. Ta kai hannu ta zaro zangarniya ɗaya, ta ji ta ba nauyi. Ta murza da babban yatsa yadda ake yi don ƙwaya ta zubo a tafin hannu. Ba abin da ya zubo. Ta murza da ƙarfi, ta sa farce, a ƙarshe ta kai baki ta ciza. Zangarniyar ta lanƙwashe ta koma yadda take.

"Roba ta," in ji Malam Ubaidu daga bayanta.

Ta juyo tana dubansa, abin na hannunta.

Ya yi bayani a hankali, idonsa a ƙasa. Shekarar da aka gyara hawa na uku, ƙwararrun da aka ɗauko sun ce geron na tara ƙwari, ƙwarin na bin bututun iska suna cin fatu da tufafin da ke sauran zauruka. Suka ɗauki zangarniya 'yan kaɗan suka aika waje, aka zubo irinsu da roba, kwali-kwali. Ya ce ya yi magana a taron, an saurare shi da ladabi, an gode masa.

"Na gasken hwa?" ta ce. "Ina anka kai su?"

"An hid da su waje. Ranar ina gida, zazzaɓi ya kada ni. Da nid dawo, na iske an raba ma leburori."

"Sun shuka?"

"Mutanen birni na, Sadiƙa. Ina sunka ga gona? Matansu sun yi hura da shi. Har sun aiko a yi mani godiya, sun ce ba su taɓa shan mai daɗinta ba."

Da a da ne, da duk benen nan ya ji muryar Sadiƙa. Yanzu zama kawai ta yi a ƙasan rumbun, ta miƙe ƙafa kamar wadda ta dawo daga jana'iza. Wata malama ta iso da ɗalibanta, ta tsaya a gaban gilashin tana nuna musu da sanda, tana cewa su dubi yadda manoman Gobir ke adana abinci shekara da shekaru ba ya lalacewa. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta tambaya ko matar da ke ciki ita ma ta roba ce. Malamar ta tsawata mata, ta ja su gaba.

"Don mi ba ka hwaɗi ba tun ranar da yak kira ka?" Sadiƙa ta tambaya.

"Ƙaƙa za ni hwaɗa mai? Da hannunai ya aza su mota. Na ce in kin zo, ke kin san yadda za ki lallaɓa shi. Kuma na yi ta nema, wallahi. Ba inda ban aika ba. Masu binciken iri sun ce suna da gajere, amma ba a bayarwa sai an rubuta, sai an zauna, halan baɗi."

"Baɗi," ta ce.

Can ta zabura kamar an tsikare ta, ta lalubo wayar. Ta tuna abin da ta gaya wa tsohon da bakinta, ta kuma san halinsa. Ta kira lambar Wakili, ba ta shiga. Ta sake, ta sake. Sun riga sun sauko daga tudu, kuma ba mai komawa can sai da dalili. Ubaidu ya gwada duk wanda ya sani a Isa da Sabon Birni, ko ɗaya bai samu ba, ruwan da aka yi ya ƙara kashe layin. Ta ce za ta koma yanzu. Ya ce ba motar da za ta bi hanyar nan ba rakiya, rakiya kuwa sai gobe. Ya kai ta gidansa, matarsa ta yi mata shimfiɗa da tuwon shinkafa, ba ta iya kai loma ba.

Da safe ya raka ta tasha. Ya sayo buhun gero na kasuwa ya sa mata a mota, na ci, ya ce a kai wa yara. Ya tsaya jikin tagar yana son ya ce wani abu.

"Ki ce ma Baba..."

"Kai za ka ce mai," in ji ta. "Ni na gaji da ɗaukar saƙo."

Ayari ya makara a hanya, sai bayan azahar ta sauka a Isa. Ƙasa ta yi duhu da danshi, iska na ƙanshin ruwa. Matan firamare suka hango buhu a bayan babur, suka taso da tsummokaransu da gwangwanayensu, wata har ta fara guɗa. Amma ba su iso gare ta ba suka rage sauri, don sun ga fuskarta, ita kuma ta ga tasu. Akwai abin da su ma suke riƙe da shi. Tabarmar tsohon na nan a inuwar aji, ba kowa a kai.

"Ina Baba?"

Aka dubi Wakili. Yana zaune a dakali, ƙafafunsa duk ƙaya ta yage su, rigarsa ta rabu biyu. Ya kasa ɗaga ido.

Ga abin da ya faru. Shuka a wurinmu aikin mutum biyu ne: namiji na gaba da sungumi yana sara rami a kowane taku, mai iri na biye tana zubawa tana rufewa da dunduniya. Tun da tsohon ya ji an ce rumbu cike, ya kasa zama. Ya ce danshin ruwan fari ba ya jiran kowa, gonar kuma babba ce, shi ga tsufa. Gara ya tafi tun da asuba ya yi saran, in Sadiƙa ta iso da azahar sai zubawa kawai, kafin la'asar sun gama sun juyo. Wakili ya ce ya bari iri ya iso hannu tukuna. Tsohon ya ce 'yarsa ta gani da idonta, me kuma ake jira? Da ya ga ba zai hanu ba, Wakili ya ɗauki nasa sungumin ya bi shi, da wasu magidanta biyu da su ma aka yi wa alkawarin iri.

"Mun yi nisa da aiki," in ji Wakili. "Rana ta ɗaga, sai munka ji babura. Na ce Baba mu gudu. Yac ce in tahi, shi sauran layi guda garai. Ni na hwaɗa cikin geza. Ina kwance ina kallo sunka aza su ukun bisa babura, sunka yi gabas da su. Da za su aza shi, ina jin shi shina ce musu su bari ɗiyatai ta iso da iri tukuna."

Ba wanda ya tambayi Sadiƙa abin da ke cikin buhun. Ita ta faɗa da kanta, a tsaye, cikin kalmomi kaɗan. Matan suka watse ɗaya bayan ɗaya, kowace na mayar da tsummanta bakin zane. Mai safar yaro ce ta ƙarshe, ta daɗe a tsaye tana juya safar a hannu.

Da ta ce za ta tafi gonar, mun hana ta, Allah Ya sani. Maza sun yi magana, tsofaffi mata sun riƙe mata mayafi, an ce ta dubi marayun da ke gabanta. Ta ce ba za ta daɗe ba, so take kawai ta ga wurin. Ba ɗan acaɓan da ya yarda ya ɗauke ta, ta kama hanya a ƙafa. Wakili ya tashi yana ɗingishi ya bi ta daga nesa, don kunya ba za ta bar shi ya zauna ba. Daga bakinsa muka ji sauran.

Gonar Na'Allah tana gab da shiga Turba, ta hannun dama. Sun same ta shiru, sai sawun tayoyi da suka yanka ta tsakiya. Tsohon ya yi aiki mai kyau, kamar yadda ya saba. Layuka a miƙe tun daga bakin hanya har gindin kuka, rami bayan rami, tazararsu ɗaya, kusa-kusa yadda gajeren gero ke so. Layin ƙarshe ne kawai ya tsaya a rabi, sungumin na kwance a wurin. Rana ta riga ta fara aikinta, bakin ramukan ya yi fari, danshin na tafiya.

Sadiƙa ta tsaya a farkon layi na ɗaya ta daɗe. Wakili ya ce mata su juya, yamma na yi. Kamar ba ta ji ba. Ta tuɓe silifas ta ajiye a gefe, ta ɗaure mayafi a ƙugu. Ta taka zuwa ramin farko, ta tura ƙasa da dunduniya ta rufe shi, ta danne. Ta matsa na biyu.

"Sadiƙa," in ji Wakili, "ba komi ciki."

"Na sani," ta ce. "Ba a barin saran Baba buɗe."

Ta ci gaba da bin layin, hannunta na dama a dunƙule a gefenta, tana buɗe shi a kan kowane rami kafin ta rufe.